Jan Lalle a Ƙugun Kaltuma

Katanga ɗaya ce tsakanina da Kaltuma a cikin Birni, ta ƙasa ce kuma, ba ta riƙe sirrin kowa. In ta yi atishawa ni nake amsa mata. Saboda haka da ciwon dajin da aka yanke mata nono dominsa ya dawo ya sauka a ƙashin ƙugunta da gadon bayanta, ba wanda ya zo ya gaya mini, nishinta ne ya gaya mini. Wata da watanni matar nan ba ta san daɗin barci ba, ni ma da nake bayan katanga ban sani ba.

Sunana Ummul Khairi, ƙunshi ne sana'ata. Amaren Birni da yawa hannuna ne ya yi musu lalle, har da Zahra'u, 'yar farin Kaltuma, wadda yanzu take koyarwa a lakwal, makarantar boko, a garin Tirmini. Uwar ba ta kama sunanta, Madam take ce mata, rabi kunya rabi tsokana. Ita Zahra'un ce ta dage ta kai uwar Yamai, inda akwai injin da ke gasa ciwo da wani haske da ido ba ya gani. Lokotoro, wato likitan, bai ɓoye musu komai ba. Ya ce ba warkewa ake nema ba, ciwon ya wuce nan. Amma in an gasa wurin zogin zai lafa, ta iya zama, ta iya barci, ta yi salla ba tana cizon leɓe ba.

Mijinta Malam Mutari baduku ne, takalman fata yake ɗinkawa. Bai bi su ba. Ya ba da izini ne yana tsammanin daga nesa za a haska ta da tufafinta a jiki. Da aka gama awo aka ce layin injin da tsawo, sai bayan 'yan makonni, sai ya hana wayar salular Zahra'u hutawa. Matar aure ba ta zaman banza a garin mutane, in ji shi, su dawo gida su jira randebu, ranar da aka sa musu su koma. Haka Kaltuma ta yini a kwance a kan kujera biyu cikin kar, babbar motar fasinja, kowane rami na hanya sai da ta ji shi a ƙashinta.

Duk da haka, da na shiga yi musu sannu da zuwa, murmushi na tarar tana yi. Rabon da in ga haƙoranta har na manta.

"Ummu, zo ki ga nawa ƙunshin," in ji ta, ta ɗan zame zaninta.

Zane ne ƙanana guda uku, layi biyu sun gitta juna da shuɗiyar tawada, an rufe kowanne da 'yar leda mai manne. Ɗaya a kowane gefen ƙugu, ɗaya a ƙasan cibiya.

"Da wannan injin zai gane inda zai haska. An ce kar in cuɗa, kar in goge. Wani yaro ne ya yi mini shi, Allah ya yi masa albarka. Ummu, hannunsa kamar auduga! Ya ce, 'Mama, yi haƙuri, zan ɗan juya ki.' Wallahi ya juya ni ban ji komai ba. Ni da in aka taɓa ni sai na ga taurari."

Ba mu lura ba, ashe Malam Mutari yana bakin ƙofa da kwanon kunu a hannu, shi da kansa ya dama mata.

"Yaro?" ya ce. "Namiji?"

"Sa'an Madam ne fa, Malam. Ɗan cikina."

"Ya ga nan? Ya taɓa nan?"

Ya dire kwanon har kunun ya fallatsa a tabarma, ya fita bai ko amsa gaisuwata ba.

Bari in faɗi gaskiya a kan Mutari, don ba na son a ce na ƙara masa. Shi yake ɗaga ta, shi yake wanke mata kaya, shi yake zubar da fo in ta yi bayan gida. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Amma ko ga-ruwa bai taɓa wuce zauren gidan nan ba, shi yake shigar da ruwan da kansa. Tela bai taɓa gwada Kaltuma ba, tsohuwar riga ake kai masa. Mutanen unguwa suna cewa ga namiji mai kula da iyali. Ni kuwa da nake jin su ta katanga na daɗe da sanin kishi ne, irin wanda furfura ba ta rage masa komai.

Washegari da hantsi ya zo da hujjarsa a shirye, da alama kwana ya yi yana ɗinka ta.

"Wannan leda da tawada suna hana ruwa taɓa fata. Wankanta bai yi ba, sallarta ba ta yi ba. Kuma ku dubi siffar abin, gicciye ne irin na majami'a."

"Baba, alamar tarawa ce ta lissafi," in ji Zahra'u. "Kullum ina rubuta wa yara ita a allo."

"Ba a allo aka rubuta wannan ba, a jikin matata ne. Kafin in dawo daga kasuwa a wanke shi."

Yana fita Kaltuma ta fashe da kuka, tana dafe da wurin da hannu biyu kamar za a ƙwace mata. Zahra'u ta ce ko ya goge ai za a iya sakewa, sai dai a sake awo, a sake bin layi. Kaltuma ta ce ita ba ta da ƙashin sake bin layi. A nan ne abin ya faɗo mini. Na ce da Zahra'u ta kira majon da ta karɓe su a can, wata ma'aikaciyar jinya mai kirki, ta tambaye ta ko ana iya bin zanen da lalle. Majo ta yi dariya ta ce in dai lalle ne zalla ba haɗi, kuma aka bi kan layin daidai ba a kauce ba, a yi, in sun zo za su sake dubawa.

Na koma gida na kwaɓa lalle mai kyau da lemun tsami, na tace shi sau biyu. Na ɓare ledar a hankali, na bi kan tawadar da tsinke. Na yi wa amare zanen da ke cin yini guda hannuna bai yi rawa ba, amma ranar nan sai da na riƙe numfashi. Da ya bushe ya kama, muka wanke tawadar tas. Zanen ya fito ja wur, yana nan inda yake.

Da Mutari ya dawo na tsaya, don ina son in ga fuskarsa.

"An wanke, Malam," na ce. "Ba leda, ba tawada. Wannan lalle ne, kowa ya san lalle ba ya hana alwala, ba ya hana wanka. Uwarka ma da shi ta yi salla har ta koma ga Allah."

Ya dube ni, ya dubi zanen, jijiyar wuyansa ta tashi. Na fita na koma gida. Ta katanga na ji ƙarar bokiti, na ji Kaltuma tana cewa, "Malam, a hankali, don Allah a hankali." Soso da sabulu ya sa yana cuɗar ƙugun da ko iska ba ya so. Fata ta saluɓe, lalle bai fita ba.

Daga nan hujjoji suka riƙa zuwa, wata na bin wata. Yau hanya ba lafiya. Gobe an ba shi aikin takalman biki, ba ya iya barin rumfa, kuma wannan karon ba za ta tafi ba sai da shi. Jibi a tambayo masa ko akwai mace mai aikin injin. Aka tambayo, aka ce akwai, amma ba za a iya yi masa alkawarin ita za a tarar ba, kuma ko da wa aka tarar majo tana tsaye a wurin. Ya ce to ka ji, su da kansu sun faɗa.

Sai kuma ya ɓullo da nasa maganin. Wata safiya na ji ƙaurin wuta, na leƙa, na tarar ya ɗebo yashin lungu yana soya shi a kasko. Ya ƙulle shi a tsumma ya nufi ɗaki.

"In dai gashi ne, tun kakanni muke gashi a garin nan," ya ce. "Ba sai wani ƙato ya yaye wa matata zani ba."

"Baba, ba irin wannan gashin ba ne!"

"Wuta dai wuta ce."

Kaltuma ta bari ya yi. Ta ciji gefen matashi, hawaye na bin kunnenta, shi kuwa yana dannawa yana tambaya, "Kin ji sauƙi ko? Ya fi ko?" Ta ce, "Ya fi, Malam." Da yamma wurin ya yi bororo. Ya je da kansa ya sayo man shafawa, ya shafa mata da hannunsa, fuskarsa cike da tausayi. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, tausayin nan nasa na gaske ne.

Ranar randebu ta zo ta wuce Kaltuma na kwance a ɗakinta. Zahra'u ta yi ta roƙo a salula har aka sake ba su wata ranar. Shi kuwa lallen ba ya jiran kowa, ya fara kodewa. Duk lokacin da Mutari ya tafi kasuwa sai in shiga in bi kan sawun kafin ya ɓace. Kowane zuwa sai in tarar ƙugun ya ƙara tsukewa, ƙashi ya ƙara fitowa. Tun tana iya jan jiki zuwa bakin ƙofa ta sha iska, har ta koma sai an jingina ta. Ƙwayoyin da aka rubuto mata suka daina riƙe ta, sai dai su bugar da ita kaɗan zogi ya tashe ta.

Zahra'u ta je ta ɗauko limamin unguwa. Dattijon ya zauna a zaure ya yi wa Mutari bayani da taushin murya, ya ce lalura ce, shari'a ta yarda namiji ya duba mace in ba makawa, hana mara lafiya magani kuwa abin tambaya ne gobe kiyama.

"Na ji, Allah gafarta malam," in ji Mutari, kansa a ƙasa. "Bari dai a ga bayan Salla."

Liman na fita ya juya kan 'yarsa. "Kin kai ƙugun uwarki masallaci ke nan. Yanzu duk sahu an san wani ya taɓa shi."

Yarinyar nan ta gaji. Wata ranar kasuwa ta zo da mota har bakin lungu, ta shimfiɗa katifa a baya. Ta kira ni muka shiga don mu ɗauki Kaltuma kafin uban ya dawo. Kaltuma ta riƙe ƙafar gado.

"Ya ce in tafi?"

"Inna, in muka jira ya ce, ba za ki taɓa tafiya ba!"

"To ba zan fita ba, Madam. Ina bakin kabari in fita da fushin miji a kaina? Da me zan je in tarar da Ubangijina?"

Na ce, "Kaltuma, liman ma ya ce ba laifi."

"Liman ba shi ke da ni ba, Ummu. Ku bari in roƙe shi da bakina."

Haka motar ta juya ba kowa a kan katifar. Zahra'u ta tsuguna a tsakar gida ta yi kuka irin na ƙaramin yaro.

Da la'asar Mutari ya dawo. Mai shagon bakin lungu ya riga ya ba shi labarin motar. Ina zaune a gefen gado ya shigo, ban tashi ba, shi ma bai kore ni ba, don idonsa na kan matarsa.

"Malam," in ji Kaltuma, muryarta da ƙyar take fita. "Ban taɓa roƙonka zane ba, ban taɓa roƙonka zinariya ba. Yau ina roƙonka. Ba warkewa nake nema ba, na san inda na dosa. Barci kawai nake nema. Ka bar ni in je a gasa wurin nan in yi barci kafin in tafi."

Ya zauna a bakin gadon, na ɗauka ya karaya. Idonsa ya cika da ƙwalla.

"Shekara talatin ina tare da ke," ya ce. "Tun da ciwon nan ya zo ni nake ɗaga ki, ni nake juya ki, bayana har ya ƙage. Ba ki taɓa ce wa kowa hannuna kamar auduga ba. Yaro ya taɓa ki sau ɗaya, kin dawo kina dariya."

"Malam, ba yaron na yi wa dariya ba. Sauƙin da aka ce zan samu ne."

"A hannunsa."

Ta rufe ido. Ni kuwa na kasa riƙe bakina. Na ce, "Haba Malam Mutari! Ka ji tsoron Allah. Matar da ba ta iya juya kanta, nono ɗaya, ƙashi duk ya rube, ita kake wa kishi? Wa zai ƙwace maka ita in ba mutuwa ba?"

Ya miƙe ya nuna mini ƙofa. Ya ce ni ce nake zuga su, ni ce na dasa masa tambarin wani a jikin matarsa, in na sake taka masa gida bai yafe ba.

Daga ranar na koma ga katanga. Ta nan na ji ran da ƙafafunta suka daina amsawa. Ta nan na ji nishi ya koma ihu, ihu ya koma wani ɗan sauti siriri da ba ya yankewa. Ta nan kuma nake jin Mutari yana amsa wa masu zuwa dubiya a zaure: "Da sauƙi, alhamdu lillahi. Muna ta ƙoƙari. Yamai ɗin ma mun je, ba su da abin da za su yi, su da kansu sun ce ba warkewa." Su kuma su ce Allah ya saka masa, irinsa ba su da yawa a maza.

Wata Juma'a, bayan ya tafi masallaci, Zahra'u ta leƙo ta kan katanga ta ce Inna na kira. Na ce ai an hana ni. Ta ce Inna ta ce ita ba a hana ta kira ba. Na ɗauki lallena na shiga.

Na tsorata da ganinta. Zanen ya kusa ɓacewa, sai ɗan ja-ja a tsakanin tabon ƙuna.

"Ki sake mini, Ummu."

Na ce, "Kaltuma, ko ya yarda yau, anya za ki iya hanyar nan?"

"Na sani. Ki dai sake. In na shafa na tuna yana nan, sai in ji kamar da sauran tafiya."

Na yi mata. Hawaye ya hana ni ganin layin sosai, na goge, na sake dubawa, na bi shi daidai ban kauce ba. Ya kama fiye da kowane karo.

Ba ta kai wata Juma'ar ba. Da hantsi ta cika, Zahra'u na riƙe da kanta.

Mutuwa ta ɗage dokar, aka kira ni wanka, ni da wata dattijuwa 'yar uwarta. Mun fara ke nan aka ƙwanƙwasa ƙyaure. Na leƙa, Mutari ne, idanunsa sun kumbura don kuka, likkafani da turare a hannu ɗaya. Na karɓa. Bai tafi ba. Ya waiga ya ga ba kowa kusa, ya sassauta murya.

"Ummu. Abin nan. Ya fita?"

Na tsaya ina kallonsa, na kasa yarda da kunnena. Sai ya zaro ɗayan hannun daga aljihu, ya miƙo mini sabon soso da sabulu.

"Ki ɗan ƙara cuɗawa. Kar ta tafi da shi."

Na ce, "Ba a cuɗar gawa, Malam. Ta sha cuɗa da ranta, ya isa. Kuma hannun yaron nan tun washegarin dawowarta muka wanke shi, ba ko ɗigonsa a jikinta. Abin da ke nan lallena ne, ita ta roƙa a yi mata. Bai fita ba, ba zai fita ba. Da shi za ta tafi, in an tambaye ta abin da ya same ta a gidanka ta nuna."

Na tura ƙyauren na bar shi da sosonsa a hannu.

An kai ta kafin azahar. Kwana uku ƙofar gidan cike da maza, ina jin su ta zaure suna yaba masa. Ya yi jinya, ya yi haƙuri, ko fo bai bar wa kowa ba. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Ba kuma wanda ya tambayi abin da ya sa aka ba mace randebu har sau biyu ba ta je ba. Liman ya sani, ya yi addu'a ya shafa. Mai shago ya sani, ya kawo buhun ruwa. Mu mata mun sani, muka daka gumba muka raba. A garin nan in namiji ya kulle matarsa da ciwo ya zauna a gefenta yana kuka, sunan abin kulawa.

Zahra'u ta koma Tirmini, ba ta ƙara kwana a gidan ba. Ni kuwa ina nan bayan katangata, ina yi wa amare ƙunshi, ina kallon angwaye suna leƙe suna tambayar wa ya shiga wa ya fita, iyaye suna dariya suna cewa so ne.

Katangar ta yi shiru yanzu, ba nishi, ba ihu. Abu ɗaya nake ji ta cikinta. Bayan azahar, in ya dawo daga rumfa ya ci abinci, sai in ji minsharin Mutari, mai nauyi, har la'asar. Barcin nan ne kaɗai ta roƙe shi.